Likitancin nukiliya: abin da ɗalibin Maradi ya kamata ya sani kafin ya kama hanyar

Duk shekara idan sakamakon bak ya fito, a gidajen da ke da yaron da ya yi seri C ko D maganar ba ta wuce likita, farmasi, injiniya ko aikin gona. Da wuya ka ji wanda ya ambaci likitancin nukiliya. Wanda ma ya ji sunan, tunaninsa bam yake tafiya, ko ramukan Arlit. Alhali aikin asibiti ne, na ɗaukar hoton cikin jiki da warkar da wasu cututtuka, kuma ƙasarmu tana cikin tsananin buƙatar masu iya shi. Ina so ƙannenmu maza da mata su shige shi. Amma ina so su shiga da idonsu buɗe, domin sana'a ce da takardar shaida kaɗai ba ta isa ta tsayar da mutum a kan aiki ba.

Mu fara raba abubuwa uku da ake cakuɗawa. Akwai radiyo da sikana, waɗanda kowa ya sani: na'ura ce ke harbo haske marar ganuwa daga waje, ya ratsa jiki, a ga siffar ƙashi ko ƙari. Akwai gashin ciwon daji, wanda ake yi a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai tun 2021: shi ma daga waje hasken ke zuwa, sai dai mai ƙarfi ne, don a ƙone ƙarin. Likitancin nukiliya ya bambanta da duka biyun. A nan ana sa wa mutum ɗan magani kaɗan mai fitar da haske, galibi ta jijiya, wani lokaci ya haɗiya ko ya shaƙa. Maganin ya bi jini ya tafi gaɓar da aka nufa, sai na'urar da ake kira gama-kamara ta tsaya a waje tana karɓar hasken da ke fitowa daga cikin jikin. Sikana tana nuna yadda gaɓa take a siffa. Wannan hoton kuwa, da ake kira sintigirafi, yana nuna yadda take aiki. Ƙoda biyu za su iya zama daidai a girma, amma ɗaya ta kusa daina tace jini. Sintigirafi zai faɗa maka kashi nawa cikin ɗari kowacce ke ɗauka na aikin, kuma da wannan lissafi likitan tiyata ke yanke shawarar ya gyara ko ya cire.

Amfaninsa a wurinmu ba ɓoyayye ba ne. Matar da ke da kansar mama, kafin a san irin maganin da za a ɗora ta a kai, ana so a san ko cutar ta kai ƙashi. Allura ɗaya, ta jira awa biyu zuwa huɗu tana shan ruwa, ta kwanta ƙarƙashin na'ura kamar rabin awa, sai a ga ƙasusuwanta tun daga kai har ƙafa. Haka dattijon da ke da kansar furostat. Haka yaron da ciwon fitsari ke yawan dawo masa, ana tsoron ya bar tabo a ƙoda. Haka mai ciwon ƙirji da ake son sanin ko jini na isa kowane sashe na zuciyarsa. Sai kuma uwa uba tiroyid, ƴar tsokar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Ita tiroyid tana zuƙe iyod daga jini. Idan ta haukace da aiki, mutum ya rame, zuciya na bugu, hannu na rawa, ana iya ba shi iyod mai fitar da haske ya haɗiya, ya je ya taru a cikinta ya rage mata ƙarfi ba tare da an sa wuƙa ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Likita Saul Hertz ya fara yin sa a Boston ta Amurka a 1941, gama-kamara kuma Hal Anger ya ƙera ta a Kalifoniya a ƙarshen shekarun 1950. Ilimin ya girmi ƴancin kan Nijar. Mu ne bai iso mu sosai ba. A Yamai, cibiyar IRI ta Jami'ar Abdou Moumouni, mai nazarin sinadarai masu fitar da haske, tana da sashen likitancin nukiliya, kuma mara lafiyar Maradi da aka rubuta wa irin wannan hoto, hanyar Yamai yake kamawa, kilomita sama da 600, da kuɗin mota, da masauki, da mai rakiya.

Me ya sa ba a kawo na'urar Maradi kawai a huta ba? A nan ne duk mai son sana'ar ya kamata ya tsaya ya fahimta, domin amsar ita ce za ta yanke masa inda zai sami aiki.

Maganin da ake amfani da shi ba ya ajiyuwa. Kowane sinadari mai fitar da haske yana da lokacin da ƙarfinsa ke komawa rabi, kuma babu firiji ko dabarar da ke tsayar da wannan. Wanda aka fi amfani da shi, teknesiyom-99m, wanda kusan kashi 80 cikin ɗari na hotunan wannan fanni a duniya da shi ake yi, awa 6 ne nasa. Abin da ka haɗa da asuba, da azahar ya koma rabi, da magariba rubu'i, gobe war haka saura kashi ɗaya cikin 16. Kamar mai sayar da ƙanƙara ne a watan bazara: ko mai saye ya zo ko bai zo ba, jarin yana narkewa. Wannan saurin ƙarewa alheri ne ga mara lafiya, tunda abin ba ya daɗewa a jikinsa, amma nauyi ne ga mai aikin.

Dabarar da aka samo ita ce a aiko da uwar sinadarin, molibden-99, wanda nasa lokacin awa 66 ne. Yana zuwa cikin wata tukunya mai kaurin darma da ake kira janareta, yana rikiɗewa a hankali yana haifar da teknesiyom, kowace safiya a tatso abin da ya taru da ruwan gishiri. Bayan mako ɗaya ƙarfin janaretar bai kai kashi ɗaya cikin biyar na farko ba, saboda haka mako ɗaya zuwa biyu sai an kawo sabuwa, ta jirgin sama, da takardun kwastan a shirye, domin kwana uku a filin jirgi asarar rabin kaya ce. Shi kuma molibden ɗin, tukwanen nukiliya na bincike ƴan ƙalilan ne ke samar da shi ga duniya baki ɗaya: BR2 a Beljiyam, ta Petten a Holan, SAFARI-1 a Afirka ta Kudu, OPAL a Ostareliya, da wasu kaɗan. A 2009 da 2010, da wata tukunya ta Kanada mai samar da shi a lokacin ta tsaya saboda yoyo, ta Holan ma ta shiga gyara, asibitocin Turai da Amurka kansu sai da suka riƙa ɗage wa marasa lafiya rana. Mu da muka ga yadda magunguna suka yi wuya da aka rufe iyakoki a 2023, da yadda wutar da ke zuwa daga Najeriya ta yanke, ba sai an yi mana dogon bayani kan raunin irin wannan sarƙa ba.

Nan wani zai ce, to ba mu ne masu uraniyom ba? Tambaya ce mai kyau. Tun 1971 ake haƙo shi a Arlit, kuma gaskiya ne daga uraniyom ake samun molibden ɗin. Amma abin da ke fita daga Nijar garin ne mai ruwan ɗorawa, wanda ɓangaren da ake buƙata a cikinsa, uraniyom-235, kimanin kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai. Sai an tace shi an ƙara masa ƙarfi, an sa shi cikin tukunyar nukiliya na kwanaki, sannan a raba sinadarin a ɗakuna na musamman. Duk waɗannan matakai a waje ake yin su. Ko tukunyar da ke Zariya tun 2004 ƙarama ce, ta koyarwa da gwaje-gwaje, ba ta wadata asibitoci da wannan magani.

PET-sikan, wanda ɗalibai da yawa ke gani a intanet yana ba su sha'awa, nasa ya fi tsanani. Sikari ne ake liƙa wa fuliyo-18, ƙwayoyin kansa su zuƙe shi saboda sun fi sauran cin sikari, sai su haskaka a hoto. Amma minti 110 ne lokacin rabewarsa. Da za a haɗa shi a Yamai a ɗoro shi a mota, tafiyar awa goma, abin da zai iso Maradi kamar kashi biyu cikin ɗari ne. Dole sai da sikilotoron, injin da ke samar da fuliyo ɗin, a kusa, shi kuma yana son kuɗi masu nauyi, da wuta marar yankewa, da injiniyoyinsa. Wanda ya tsara rayuwarsa a kan PET kaɗai, ya sani cewa zai iya daɗewa bai yi aikin a gida ba.

Yanzu ga maganar karatu. Ƙofa ba ɗaya ba ce, kuma wannan ne mafi yawan iyaye ba su sani ba.

Ƙofar likita ita ce mafi tsawo. Sai an gama karatun likita gaba ɗaya, shekara 7 zuwa 8, wanda yanzu ana iya yin sa a nan gida a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko a Yamai, ko Damagaram. Sannan a yi ƙwarewa, galibi shekara 4, a ƙasashe irin Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Faransa ko Afirka ta Kudu. Wanda ya shiga jami'a yana ɗan shekara 19, sai ya haura talatin kafin ya sa hannu a takardar sakamako da sunansa. Likitan ne ke duba ko hoton ya dace da mara lafiyar, ya karanta shi, ya yanke yawan iyod da za a bayar. A tsarin jami'o'inmu masu amfani da Faransanci, su ne kuma ke koyar da biyofizik ga ɗaliban likita, wato akwai hanyar koyarwa da hawa matakan CAMES, hukumar da ke ƙara wa malaman waɗannan jami'o'i girma.

Ƙofar mai sarrafa na'ura ta fi kusa. Bayan bak ana yin shekara 3 a fannin ɗaukar hoton asibiti, a yi aiki a radiyo da sikana hannu ya faɗa, sannan a je horo na musamman na watanni a wani sashe da ke aiki. Shi ne ke tare da mara lafiya tun shigowa har fita: ya yi allura, ya kwantar da shi daidai, ya lallashi yaro ya daina motsi, ya gane hoton da ya lalace kafin mutumin ya tafi tasha. Ana raina wannan matsayi, kuma kuskure ne babba. Likita komai iliminsa, abin da aka ɗauko masa yake karantawa.

Akwai mai harhaɗa maganin, wanda ya karanta farmasi ya ƙara da ƙwarewa a sinadarai masu fitar da haske. Shi ke fara shiga da sassafe, ya tatsi janareta, ya haɗa kowane magani da abin da zai kai shi ƙashi ko ƙoda ko zuciya, ya gwada tsabtarsa, ya auna na kowa. Akwai kuma masanin fizik na asibiti, kuma a nan nake son ɗaliban sashen kimiyya na jami'armu su buɗe kunne, waɗanda ake ce musu fizik ba ta da makoma sai alli da allo. Bayan lisans ana yin masta a fizik na asibiti, a bi da horo a cikin asibiti. Makarantar nukiliya ta Jami'ar Gana, da aka buɗe a 2006 tare da hukumar makamashin nukiliya ta ƙasar, tana horar da ƴan Afirka a wannan fanni. Cibiyar binciken fizik ta ICTP da ke Trieste a Italiya tana da masta ta shekara 2, shekarar farko a aji, ta biyu a asibiti, an yi ta ne musamman don ƴan ƙasashe masu tasowa. Masanin fizik ne ke tabbatar da cewa na'ura na faɗin gaskiya, yana lissafin hasken da ya shiga jikin kowa, yana tsara kaurin bango. Kuma iliminsa yana da kasuwa a gashin kansa, a ɗakin sikana, a hukumar ARSN mai sa ido kan amincin nukiliya, har a kamfanonin haƙar ma'adinai.

Na biyar, wanda ba a cika lissafa shi ba, shi ne mai gyara. Gama-kamara tana da wani dutse mai kama da gilashi a cikinta wanda ba ya son canjin zafi farat ɗaya, ba ya son laima. Wuta ta ɗauke a watan Afrilu, na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ɗakin ya ɗau zafi, dutsen zai iya tsagewa. Matashin da ya karanta lantarki ya ƙware a gyaran na'urorin asibiti, wallahi sashen bai fi buƙatar likita a kansa ba.

Ka ga ke nan mutum ɗaya ba ya buɗe sashe. Likita ya dawo daga Rabat da takardarsa, ba mai harhaɗa magani, ba masanin fizik, ba lasisin shigo da janareta, to zai koma duba marasa lafiya kamar kowane likita, ilimin yana dushewa a kansa. Shi ya sa nake ganin tambayar farko da ɗalibi zai yi wa kansa ita ce, wace cibiya zan dawo, da su wa zan yi aiki. Hanyar kuɗin karatun ma haka take. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA, wadda Nijar ke cikinta, tana biyan horo da yawa, kai tsaye ko ta yarjejeniyar AFRA ta ƙasashen Afirka da ta fara aiki a 1990. Amma irin wannan guzuri ba a ba mutum don ya rubuta wasiƙa shi kaɗai. Gwamnati ce ke gabatar da sunan ma'aikacin wata cibiya, cikin wani shiri da aka riga aka amince da shi. Wanda ke son shiga, sai ya kusanci inda ake aikin tun yana ɗalibi: ya nemi sitaj a IRI ko cibiyar kansa, ya zaɓi batun kundinsa a kan tiroyid ko kariya daga haske, malamai su san fuskarsa. Nijar tana cikin ƙasashen farko na shirin da AIEA ta ƙaddamar a 2022 don faɗaɗa maganin kansa, saboda haka ana buƙatar mutanen da za a tura. Ƙannena mata kuma, akwai tallafin Marie Sklodowska-Curie da hukumar ta buɗe a 2020 don mata masu yin masta a fannonin nukiliya, kuma shi mace da kanta take nema idan ta sami gurbi a jami'a.

Turanci kuwa kar a bar shi sai an tashi tafiya. Gana, Trieste, Afirka ta Kudu, da yawancin littattafan fannin, duk da shi ne. Ɗan Maradi da Katsina ke bayan gidansa ba shi da uzuri.

Sai tsoron iyaye, wanda bai kamata a yi masa dariya ba. Uwa za ta ce, ɗiyata, an ce wannan aikin yana hana haihuwa. Amsar tana da lissafi. Kowane ɗan Adam yana karɓar haske daga ƙasa da sama da abinci, kimanin milisiba 2.4 a shekara a matsakaicin duniya, milisiba kuwa shi ne ma'aunin hasken da jiki ya karɓa. Dokar ƙasa da ƙasa ta ƙayyade wa ma'aikaci milisiba 20 a shekara, kuma a sashen da ke bin ƙa'ida ma'aikata ba sa ko kusantar wannan iyaka. Kowa yana maƙale da ƴar na'urar awo a ƙirji, ana karanta ta lokaci lokaci. Sirinji yana cikin kube mai kare hannu, kwalabe suna bayan darma, kuma idan ka ninka nisanka da abin sau biyu, hasken da ke isowa gare ka ya koma rubu'i. Ma'aikaciyar da ta sami ciki tana sanarwa da wuri a canza mata wurin aiki. Haɗarin gaskiya yana wurin sakaci: mai gaggawa, mai cire safar hannu, mai ajiye na'urar awonsa a aljihun tebur. Wanda ya san ba shi da haƙurin bin ƙa'ida kullum, ko ba mai kallonsa, gara ya nemi wani fannin.

Abin da ya fi sa ni son ƴaƴan Maradi su shiga aikin nan shi ne abin da ke faruwa kafin allura da bayanta. Ba a ba mai ciki iyod mai haske, ko kaɗan. Mai shayarwa sai ta yaye yaron gaba ɗaya kafin a ba ta. A yankin da mace ke yawan kasancewa ko da ciki ko da goyo, wa zai yi wannan tambaya har a sami amsar gaskiya? Matar da ta zo daga ƙauyen Gidan Rumji ko Dakoro, da mijinta ko surukarta a tsaye, namiji baƙo ya tambaye ta da Faransanci yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe, kai za ta sunkuyar. Mace ƴar uwarta da za ta ja ta gefe ta ce, Yaya, faɗa mini tsakanina da ke, ita za ta ji gaskiya. Bayan an sha iyod ɗin kuma, na wasu kwanaki yana fita ta fitsari da yawu da gumi. Takardun da aka rubuto daga Turai suna cewa mutum ya kwana a ɗakinsa shi kaɗai, ya yi amfani da makewayinsa shi kaɗai. A gidan da ake cin tuwo a kwano ɗaya, ake shan ruwa da moɗa ɗaya, yara huɗu ke kwana jikin uwarsu, yaya za a yi? Sai wanda ya tashi a irin gidan ne zai zauna da iyalin ya tsara musu: a ware mata kwano da moɗa da buta, yara su koma ɗakin kaka na mako guda, a zuba ruwa sosai bayan ta zaga, kuma a fahimtar da kishiya da maƙwabta cewa ba cuta ce mai yaɗuwa ba, kar a ƙyamace ta. Wannan ɓangaren magani ne kamar yadda ƙwayar take magani, kuma ba a koyar da shi a Rabat ko Trieste.

A ganina, idan har za a fara wani abu a Maradi, da tiroyid ya kamata a fara. Iyod-131 kwana 8 yake yi kafin ya koma rabi, tafiyar yini ɗaya ba ta rage masa fiye da kashi 8 cikin ɗari. Yana son ɗaki mai kariya, da wurin ajiye shara har ƙarfinta ya mutu, da lasisi, da mutane uku ko huɗu da suka san aikinsu. Gama-kamara ta biyo baya idan an tabbatar da wuta da hanyar kawo janareta a kan lokaci. Babban asibitin da ke karɓar marasa lafiya daga duk jihar yana nan, jami'a mai sashen likitanci tana nan, filin jirgi yana nan, kuma Tawa da Damagaram sun fi kusa da mu a kan Yamai.

Kafin wannan rana ta zo, wanda ya tafi karatun ya riƙe sana'arsa ta tushe da kyau. Mai sarrafa na'ura ya zama gwani a sikana, masanin fizik ya iya aikin gashin kansa, likita ya san ciwon tiroyid tun daga awon jini har eko, domin da waɗannan zai ci abinci ya yi wa mutane amfani a shekarun jira. Kuma kafin ya karɓi gurbi a kowace makaranta, ya tambaya a rubuce: marasa lafiya nawa sashen ke gani a mako, za a bar shi ya taɓa aikin da hannunsa ko kallo kawai zai yi, kuma takardar da za a ba shi, ma'aikatar lafiya da jami'o'in Nijar sun san da ita? Akwai kwasa-kwasan wata shida masu tsada da ba sa ba mutum izinin riƙe sirinji ko sa hannu a sakamako. Ya nemi wanda ya gama a can ya dawo, ya ji daga bakinsa kafin mahaifinsa ya sayar da gona.